Imel da kalandar shago ba sa zuwa laftof ɗina na gida, yaya zan haɗa su?

Mai_Iri_SabonGari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka, ya zafi. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min da shawara don abin nan ya fara taɓa min kasuwa.

Ina da shagon iri da taki da maganin feshi a Sabon Gari, gidana kuma yana Tudun Jukun. A shago akwai destof da muke aiki da ita tun safe har la'asar, a gida kuma ina da laftof da nake buɗewa bayan isha'i ko in zan yi tafiya Kano ko Kaduna. Duka biyun Outlook nake amfani da shi, na shago 2021 ne na gida kuma tsoho ne 2013. Imel ɗin ba Gmail ba ne, na sunan shagon ne, wani yaro ne ya buɗe mana shekara huɗu da suka wuce lokacin da ya yi mana shafin intanet, duk shekara muna biyan kuɗin hostin ga kamfanin da ke riƙe mana shafin da imel ɗin amma shi yaron ya bar gari lambarsa ma ba ta shiga yanzu.

Toh matsalar ita ce duk saƙon da na tura daga shago ba na ganinsa a gida, wanda na tura daga gida ba ya shago, kuma in na yi sati biyu ko uku ban buɗe laftof ba sai in tarar wasu saƙonnin da suka shigo sam ba su sauka a kanta ba alhali suna nan a shago. Satin da ya wuce ina Kano muna lissafi da wakilin wani kamfani da nake sarin maganin ciyawa a wajensu, ya ce farashin da muka yi daban ni kuma na san abin da na rubuta musu, na buɗe laftof a gabansa babu saƙon, sai da na kira yaron shago ya ɗauki hoton sikirin da waya ya turo min ta WhatsApp, wlh ban ji daɗi ba ko kaɗan, mutum kamar yana ƙarya.

Sai kalanda, a nan nake sa ranar da mota za ta kawo kaya da ranar da zan biya kamfanoni. Sai ɗan wajen rubutun nan mai kama da takarda rawaya da ke cikin Outlook ɗin, a nan nake rubuta manoman da suka karɓi taki bashi sai kaka, mutanen Giwa da Soba da Makarfi da sauransu, da farashin da na saro kowane kaya. Duk waɗannan suna shago kaɗai. Ga damina ta kusa, daga ƙarshen watan nan oda za ta fara yawa ba zan samu lokacin zama gyaran kwamfuta ba. Abin da nake so kawai in na rubuta abu a nan in gan shi a can. Akwai hanya? Kuma ba na so in rasa tsofaffin saƙonni don akwai rasit na shekara huɗu a ciki. Nagode.

Abba_Kwangila ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ai abu ne mai sauƙi, duk kayan Outlook ɗinka imel da kalanda da lambobi da rubutun nan suna cikin fayil guda ɗaya mai ƙarewa da .pst, ka shiga Documents za ka ga folda mai suna Outlook Files yana ciki. In za ka tashi daga shago ka rufe Outlook ka kwafe shi a fulash, in ka je gida ka ɗora a laftof, da safe ka dawo da shi. Babu ruwanka da data babu ruwanka da netwok. Ko kuma ka jefa shi cikin OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, kwamfutocin biyu su riƙa buɗe shi daga can shikenan.

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo kasuwa. Abba ƙanina ka faɗi gaskiya a kan inda fayil ɗin yake amma dan Allah Alhaji kar ka mayar da yawo da fulash ya zama aikinka na kullum, na ga mutane da yawa sun yi kuka a kan haka. Ranar da ka manta fulash a aljihun wata riga ka yi aiki a shago, da daddare kuma ka amsa saƙo biyu a gida, toh ka samu fayil biyu da suka saɓa kuma duk wanda ka ɗora a kan ɗan'uwansa ka goge aikin wancan. Ga kuma ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa, fayil na shekara huɗu da rasit da hotuna zai kai giga da yawa ba abin minti ɗaya ba ne. Maganar OneDrive kuwa ita ce ta fi haɗari, muddin Outlook na buɗe yana riƙe da fayil ɗin yana rubutu a ciki, shi kuma OneDrive yana ta ƙoƙarin tura shi sama, ka ga data ta tafi kuma fayil na iya lalacewa, su kansu Microsoft ba su ba da shawarar a yi aiki da pst ta kan netwok ba.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa don in ka gane shi ka gama rabin aikin. Wanda ya saita maka imel ya sa shi a tsarin da ake kira POP. Shi POP kamar akwatin gidan waya ne, ka je ka kwashe wasiƙunka ka tafi da su gida. Outlook yakan bar kwafi a saba (server), wato babbar kwamfutar masu hostin da ke karɓar maka imel, na kwana 14 sannan ya goge, shi ya sa in laftof ta yi sama da sati biyu a rufe take tarar da an riga an share, destof ta kwashe. Saƙon da ka tura kuwa POP ba ya mayar da shi saba ko kaɗan, yana zama a kwamfutar da ka tura shi. Ɗaya tsarin shi ne IMAP, a nan saƙonnin suna zaune a saba ne, kwamfutoci leƙawa kawai suke yi, in ka karanta a nan ya nuna an karanta a can, in ka tura a nan ya fito a foldar Sent ta can, har wayarka ma in ka sa. Kuma in ka goge a nan ya gogu a ko'ina, wannan ka riƙe shi da kyau.

Kafin ka taɓa komai ka bi maganar Abba sau ɗaya tak, ka rufe Outlook ka kwafi pst na shago da na gida kowanne da sunansa daban ka ajiye a hadis (hard disk) na waje ko fulash mai kyau ka sa a durowa. Sannan ka nemi shiga wajen masu hostin ɗin, tunda kai ke biya duk shekara akwai rasit da sunanka, za su iya ba ka hanyar shiga ko da yaron ba ya nan. Abu biyu za ka duba a can, sunan sabar IMAP ɗinsu, fot (port) ɗin, wato lambar ƙofar da saƙo ke bi, yawanci 993 ne na shigowa, na fita kuma 465 ko 587, sai kuma girman akwatin da suka ba ka. Wannan na biyun yana da muhimmanci don da POP akwatin kullum a share yake ba ka taɓa jin ya cika ba, da IMAP kuwa komai na taruwa, in ƙarami ne wata rana za a turo maka oda ta koma wa mai ita. In ƙarami ne ka sa su ƙara maka.

Ba a juya akawun ɗin POP ya koma IMAP a Outlook, sabo ake ƙarawa. Ka ƙara shi a shago, tsohon pst ɗin ka bar shi a buɗe a gefe, sai ka ja saƙonnin da kake buƙata, misali na shekarar nan da bara, ka zuba su a foldar IMAP kaɗan kaɗan ba duka a lokaci ɗaya ba saboda netwok ɗinmu. Na shekarun baya ka bar su a pst ka kai kwafi ɗaya laftof don dubawa kawai tunda su ba canzawa za su yi ba. Kuma ka tabbata ka cire POP a duka kwamfutocin biyu, in ka bar shi a ɗaya zai ci gaba da share saba bayan kwana 14 kana zaune.

Yanzu inda mutane ke faɗawa rami. IMAP imel kaɗai yake ɗauka. Kalanda da lambobi da rubutunka ba ya ɗaukarsu, za ka ga Outlook ya rubuta This computer only a gaban foldar, ma'ana a wannan kwamfutar kaɗai suke, kuma suna cikin fayil na .ost ne wanda in ka cire akawun ɗin yake tafiya da su. Kar ka zuba bashin manomanka a nan. Abin da nake yi wa mutane shi ne in buɗe musu akawun na Outlook.com kyauta, ba don imel ba, don kalanda da lambobi da rubutu kawai, in ƙara shi a Outlook ɗin, shi yana haɗa duk waɗannan da saba. Sai ka ja abubuwan tsohuwar kalanda ka zuba a sabuwar, rubutun rawayan nan ma haka. A destof mai 2021 zai yi lafiya lau. A laftof ne 2013 ba zai shiga ba, tun watan Satumba 2024 Outlook.com ya daina karɓar shiga da fasawad zalla irin ta tsofaffin manhajoji, amma ba matsala ba ce, 2013 ɗin ya riƙe maka imel ta IMAP, kalanda ka buɗe ta a burauza, rubutun kuma ka buɗe Sticky Notes na Windows ka shiga da wannan akawun ɗin za ka ga sun fito, kuma ko babu netwok za ka iya rubutu in ya dawo ya tura.

Maman_Khairat ta rubuta:

Assalamu alaikum. Alhaji ni ba injiniya ba ce, sakatariya ce a wata makaranta a Kongo, amma na sha irin wannan wahalar tsakanin kwamfutar ofis da ta gida shi ya sa na ce bari in sa baki. Bayanin Injiniya ya yi, sai dai ni hanyar Google na bi don wayata Android ce kuma dama da Gmail take aiki. Na fitar da kalandata daga Outlook a fayil na .ics na shigar da ita Google Calendar, rubuce-rubucena na mayar Google Keep, shikenan duk inda na zauna burauza kawai nake buɗewa, kuma abin da ya fi min amfani shi ne wayar ce ke min ƙara ranar da za a biya wani abu, don gsky in kana cikin kasuwa ko kana hanyar Kano ba laftof za ka buɗe ba waya ce a hannunka. Giga 15 suke bayarwa kyauta amma ku sani a haɗe take da hotunan waya da Drive, masu barin bidiyon biki na hawa sama su ne akwatinsu ke cika.

Amma abin da ya sa na yi magana ba wannan ba ne. Alhaji ka ce yaron shago ya ɗauki hoton sikirin ya turo maka, kenan imel ɗinka a buɗe yake a gabansa duk ranar da ba ka nan, da farashin sarinka da sunayen masu bashi. Ban ce yaron ba shi da amana ba Allah ya sani, amma shago waje ne na shige da fice, kuma manomin da ya karɓi taki bashi sirrinsa ya ba ka, ba zai so maƙwabcinsa ya leƙa ya ga sunansa da adadin buhu ba. Yanzu kuma in ka haɗa komai, duk wanda ya zauna a destof ɗin nan ya goge abu toh ya gogu har a gida. Ka buɗe wa yaran nasu akawun na Windows daban don rasit da lissafin yau da kullum, naka ka sa fasawad, in za ka tashi salla ka danna maɓallin Windows da L ta kulle, daƙiƙa ɗaya ce.

Sannan don Allah bashin nan ka fitar da shi daga 'yan takardun rawaya. Kuɗin mutane ne da naka, ka sa shi a Excel ko Google Sheets, suna, gari, buhu nawa, ranar karɓa, abin da aka biya, kuma duk ƙarshen wata ka buga a takarda ka ajiye a gida. Bashi ai ko a addini cewa aka yi a rubuta, kuma rubutun da magada za su iya samu su gane in ta Allah ta kasance, ba wanda ke kulle a cikin akawun da babu wanda ya san fasawad ɗinsa ba.

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Hajiya Allah ya saka da alheri, maganar kullewa da maganar bashi duk na manta su kuma sun fi abin da na faɗa muhimmanci. Ƙari ɗaya kawai a kan Google Calendar don kar Alhaji ya ruɗe, in ka sa ta a cikin Outlook na kwamfuta ta hanyar adireshin ics gani kawai za ka yi ba za ka iya ƙara rana ko gyarawa daga can ba, sai ka koma burauza. Wanda ke son ya rubuta daga cikin manhaja toh Thunderbird kyauta ce kuma tana haɗuwa da kalandar Google har da lambobi. Na zaɓar masa Outlook.com ne don hannunsa ya saba da Outlook kuma damina ta matso ba lokacin koyon sabon abu ba ne, a waya ma akwai manhajar Outlook za ta yi masa ƙara kamar yadda kika ce. Ko wanne ka ɗauka Alhaji ka tsaya a kan guda ɗaya, kar ka raba rabi nan rabi can. Kuma ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da layin da ka san rajistarsa da sunanka take, ka ƙara imel na biyu na ceto saboda ranar da waya za ta faɗi.

Abba_Kwangila ya rubuta:

Na karɓi gyara yallaɓai, ni dama a kwamfuta ɗaya nake yi in zan yi fomatin shi ya sa ban taɓa cin karo da saɓanin ba. Amma maganar data fa, IMAP ba zai sauke duk saƙonnin a laftof ya cinye masa data ba? don na san hotsfot yawancinmu muke kunnawa a gida.

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Tambaya mai kyau Abba. A setin akawun ɗin akwai wani ɗan abin ja da ke tambayar saƙon wata nawa za a ajiye a kwamfutar, a laftof ya ja shi zuwa wata 3 ko 6, farkon saukewar ce kawai mai nauyi daga nan sai sababbi. Wanda ya sauka kuma ko yana ƙauyen da babu sabis zai buɗe ya karanta.

Mai_Iri_SabonGari ya rubuta:

Jama'a Allah ya biya ku, na dawo in ba da bayani don wani zai iya amfana. Ranar Asabar na zauna da ɗan yayata da ke karatu a Samaru muka bi abin da Injiniya ya rubuta layi layi. Mun fara kwafar pst guda biyu, na shago giga 7 ne da ɗoriya sai da muka tada janareto don kar wuta ta yanke mana. Masu hostin sun ba ni shiga bayan na tura musu rasit, ashe akwatin giga 1 ne kacal, na biya an ƙara. Saƙonnin bana da na bara mun kwana biyu muna zuba su kaɗan kaɗan, yanzu na tura saƙo a shago na zo gida na gan shi a Sent har da wanda muka yi gardama a kansa a Kano, na tura wa wakilin nan shi da kwanan watansa.

Abu ɗaya ya ba mu wahala wanda ba a ambata ba, bayan kalanda ta haɗu sai na ga motar da na sa za ta zo ƙarfe 10 na safe tana nunawa a wani lokaci daban a burauzar laftof. Ashe sabon akawun ɗin yankin lokacinsa ba na Najeriya ba ne, ita ma laftof ɗin da yake ta hannu ce na saya tana kan lokacin Landan tun zuwanta, agogon kawai aka gyara da hannu. Ɗan yayar tawa ya ce Ingila suna matsar da agogonsu awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba mu kuwa ba ma yi, shi ya sa wani lokaci take daidai wani lokaci ta kauce. Muka mayar da duka West Central Africa komai ya zauna.

Hajiya na buɗe wa yaran nasu akawun kuma na fara juye bashin a Excel, na kai mutum 40 saura na Makarfi, in na gama zan buga in ba uwargida ta ajiye. Injiniya saura tambaya ɗaya, tsohon pst na laftof akwai saƙonnin da na tura daga gida kusan 200 da ba su shago, su ma in ja su cikin Sent na IMAP ɗin kai tsaye ko in buɗe musu folda daban?

Injiniya_Samaru ya rubuta:

Ka buɗe musu folda daban tukuna Alhaji, ka sa mata suna Tsohon Sent na gida, ka kwafa kar ka matsar, in ka je shago gobe ka ƙirga ka ga adadin ya yi daidai da na laftof sannan ka juye su cikin Sent ɗin.